Ƙasan Rumbun Malam Basiru

Rumbun Malam Basiru ya girmi 'ya'yansa duka, ya kuma girmi aurensa. Na ƙasa ne, mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a sama. Yana zaune a kan duwatsu tara a kusurwar tsakar gida da hular jinka a kansa, kamar dattijon da ya zo gaisuwa ya ƙi tafiya. Mahaifinsa ne ya gina shi. Duk shekara in an yi kaka, sai Malam Basiru ya yi masa sabon yaɓe, ya zuba toka da ganyen darbejiya saboda ƙwari, sannan a jera dammunan gero.

A ƙauyen nan na ƙasar Makoda gona na bin gona, gida na jin tarin gida, amma duk kusancin nan ba a leƙa rumbun mutum. Matar gida ba ta leƙa na mijinta. Ɗa baligi ma sai in an sa shi. Yaro ƙarami ake zurawa ta bakin, ya miƙo gero, a kamo hannuwansa a jawo shi. A gidan Malam Basiru wannan aikin Tahira ne.

Tahira jikarsa ce, shekararta bakwai, 'yar babban ɗansa Zaharaddini mai tuƙa adaidaita sahu a Ungogo. Yaye aka kawo ta, aka ce za ta yi wata guda, watan nan kuwa har yau bai ƙare ba. Sunan mahaifiyar Malam Basiru aka sa mata, shi ya sa bakinsa bai taɓa furta shi ba, Inna yake ce mata. Ita kuma Tsoho take ce masa, in ta so tsokana ta ce Tsoho mai ran ƙarfe. Ita kaɗai ta san zurfin rumbun nan. Bana ta san ya yi ƙasa ƙwarai, don igiyar kwando sai ƙara tsawo take. Duk sa'ad da ya jawo ta waje yakan ɗora yatsa a leɓensa, ita ma ta ɗora nata a nata, shi ke nan magana ta mutu.

Abin ya faro ne wata Asabar cikin marka. Tun asuba ake yayyafi, ba shiga gona, ba fita kasuwa. Kamilu, autan Malam Basiru, wanda ke acaɓa tsakanin ƙauye da Makoda, ya sayi 'yar talabijin mai aiki da sola, batirinta kuwa ya sha rana jiya ya ƙoshi. Bayan azahar ya leƙo ya ce kowa ya zo ɗakinsa, ya turo sabon fim daga wurin mai tura finafinai na bakin tasha.

Hure, matar Malam Basiru, ta ce, “Na su waye? In na masu rawa ne ni barci zan yi.”

“Na manoma ne, Iya. Turawa ne manoma, an fassara shi da Hausa. Mai turawar ya ce na iyali ne.”

Malam Basiru mutum ne mai son ganin abin al'ajabi. Ya taɓa yin tafiyar wuni guda a ƙasa don ya ga ɗan akuya mai kunne uku. Da ya ji turawa ma suna noma, sai ya ɗauki buzunsa ya shiga, Tahira ta zauna a cinyarsa tana ɓare gyaɗa.

Da farko abin daɗi. Ga gona ba iyaka, ga motar da ke yankan hatsi tana sussukawa tana shiƙa duk a tafiya ɗaya. Ga rumbun ƙarfe da ya fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo. Mai fassara yana ta zuba barkwanci, ya sa wa baturen sunan Ɗan'azumi, kowa na dariya. Sai hatsi ya fara raguwa a rumbun ba a san mai ɗiba ba. Sai kare ya shiga bai fito ba. Sai wata yarinya mai farin gashi, ba za ta girmi Tahira ba, ta hau tsani ta faɗa ciki neman karen. Hatsin ya soma juyawa a hankali kamar ana dama fura. Daga tsakiya wani hannu ya ɓullo, launin ƙaiƙayi, yatsunsa dogaye kamar zangarniya, ya kama ƙafar yarinyar.

Malam Basiru ya ji gyaɗa ta zube a ƙafarsa. Jikin Tahira ya sandare. Bai yi shawara da kowa ba, ya cire hularsa ya kifa a fuskar talabijin, da ya ga hular ba ta rufe ba sai ya fizge waya daga jikin batir. Ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar yayyafi a kan kwano.

Kamilu ya ce, “Haba Baba! Yanzu fa aka zo wurin.”

“Wurin ubanka. Wannan ne na iyalin?”

“Wasa ne fa, roba ce. Yarinyar da take tsayawa a kan yankan ragon layya, har ta riƙe ƙafa?”

Hure ta ce, “Rago ta san shi, ta san mai wuƙar. Tashi ka ba mutane wuri.”

Tahira ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da sauƙi.

Washegari Hure ta dama koko, yarinya ta dubi kofin ta kau da kai. Da rana aka miƙa mata fura, ta ce ta ƙoshi. Da yamma tuwo ya huce a gabanta har ƙuda ya gaji. Hure ta matsa mata, sai ta ce a hankali, “Daga ciki aka ɗebo shi.” Gidan da koko gero ne, fura gero, tuwo gero, wanda ya yi gaba da rumbu ya yi gaba da abinci. Masara guda gasasshiya take ci a wuni, sai 'yar gyaɗa. Ko banɗaki za ta, sai ta bi jikin katanga ta zagaya ta bayan turken awaki, don kada inuwar rumbun ta taɓa ta.

Hure ta karɓo rubutu, ta sha. Aka yi mata tofi, aka turara mata habbatus sauda, duk ta yarda, amma tuwo a'a. Ran Talata idanunta sun faɗa, awarwaron hannunta yana zamowa har gwiwar hannu. Ran nan ne Kamilu, da bakinsa ba ya riƙe ruwa, ya faɗa wa yayansa a waya. Bayan la'asar wayar Malam Basiru ta yi ƙara.

Zaharaddini ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi ruwa, ya tambayi gona, sannan ya ce, “Baba, ran Juma'a in an sauko ina tafe. Uwarta tun jiya take kuka. In na tarar Inna ba ta cin abinci, ka yi haƙuri, da ita zan dawo.”

Malam Basiru ya ce, “Allah ya kawo ka lafiya.” Ya kashe wayar.

Daga nan zama ya gagare shi. Ya shiga zaure ya fito, ya je gona ya tsaya cikin gero bai cire ko ciyawa ɗaya ba, ya dawo ya kwance akuya ya sake ɗaure ta a turken da ya kwance ta. Hure ta ce ya zama kaza mai neman wurin ƙwai. Shekara biyar ana ce masa a dawo da yarinya ta shiga makarantar birni, yana cewa ai ga firamare nan bayan bishiyar kuka. Yanzu ba shi da ta cewa. Ga kuma wani abu: tsabar geron da ke cikin tukunya ta kusa ƙarewa, ba mai shiga rumbu, shi kuwa ba zai kira ɗan maƙwabta ba, don yaron da ya ga ƙasan rumbunka da safe, uwarsa ta ji kafin azahar.

Ya gwada dabara. Ya zaunar da ita a gindin darbejiya ya ce, “Inna, kin san ƙarshen abin nan? Wani maharbi ne ya zo da kibiya mai dafi, ya harbe shi a maƙogwaro, aka ja shi aka jefa a rijiya.”

Ta dube shi da idanun nan da suka faɗa. “Ƙarya kake, Tsoho. Kai ka kashe talabijin ɗin. Ba ka gani ba.”

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Shi ne mai yi mata tatsuniya tun ba ta iya cewa ta zo mu ji ta ba. Ya sani sarai, dodo a tatsuniya ba ya hana yaro barci, ko da ya haɗiye gari guda, don a ƙarshe ana farke cikinsa mutane su fito, a ce ƙurunƙus, a rufe labari kamar yadda ake rufe akurki. Kakarsa ko gyangyaɗi take ba ta barin dodo a tsakiyar hanya, sai ta kai shi inda zai mutu. Shi kuwa ya tashi da hannunsa ya yanke labari daidai lokacin da dodo ke riƙe da ƙafar yarinya. Kwana uku ke nan yana riƙe da ita.

Ran Laraba ya tare Kamilu a bakin gona. “Yana cikin wayarka?”

“Me, Baba?”

“Abin tsiyar nan. Kunna mini daga inda na tsayar. Ni kaɗai zan gani tukuna. In ya mutu mutuwar kirki, a nuna mata.”

Suka zauna a kan kunya ƙarƙashin gawo. Kamilu ya mayar da shi farko yana neman wurin, sai Malam Basiru ya ga wata jar da'ira da lamba a ciki. Ya yi aji uku a yaƙi da jahilci, lamba ba ta ɓace masa.

“Sha takwas ɗin nan ta mece ce?”

Kamilu ya sosa ƙeya. “Wai sai wanda ya kai shekara sha takwas.”

“Ka gan ta ran Asabar?”

“Kowane fim da irinta, Baba. Lissafin turawa ne, 'ya'yansu ko kaza ba su taɓa gani an yanka ba. Wa yake dubawa?”

“Mai abin da kansa ya rataya wa karensa ƙararrawa, kai ka ce ado ne. Kunna.”

Ya kalla har ƙarshe, fuskarsa dab da gilashin. An ceto yarinyar, ya ce alhamdu lillahi. An zuba wa rumbun fetur an cinna wuta, abin ya yi ta kururuwa, ya ce madalla. Mutane suka rungumi juna. Har ya fara miƙewa, sai aka nuna wata babbar mota a kan titi da safe, cike da buhunan hatsi za ta kasuwa. Aka matso da hoton kusa da buhu ɗaya a can baya. Buhun ya motsa. Sai rubutu ya hau tafiya.

“Ina sauran?”

“Ya ƙare ke nan. Akwai kashi na biyu, bai zo ba tukuna.”

Malam Basiru ya daɗe yana kallon wayar. “Wane irin mai ba da labari ne wannan, zai saki dodo a kasuwa ya tashi ya tafi gida? Ni shekarata saba'in da ɗaya, ga shi ya tsorata ni. Goge shi. Kada ka kuskura ta ga buhun nan.”

Alhamis ta zo ta wuce masa kamar ƙaya a tafin ƙafa. Da asubar Juma'a, da ya dawo daga masallaci, ya tsaya ya dubi gabas. Akwai hadari, amma yana can ƙasa-ƙasa bai taso ba. Ya ce wa Hure ta shimfiɗa tabarmi duka a tsakar gida. Ya ce wa Kamilu yau ba acaɓa, ya jingina tsani ya sauke jinka.

Hure ta saki muciya. “Malam, me za ka yi?”

“Kwashe shi zan yi tas, ta ga ƙasansa da idonta.”

“A cikin marka? Da rana tsaka, katangar nan da ko ɗan akuya yana leƙowa? Rumbu fa asirin gida ne. Kai da ka zauna a majalisa ka ce geronka zai ga na baɗi?”

“Na faɗa.”

“To?”

“To yau za a ga ƙaryata. Shimfiɗa tabarmin.”

Kafaɗun Kamilu ba za su shiga bakin ba. Malam Basiru kuwa tsufa ya mai da shi kara. Ya tuɓe riga ya rage daga shi sai wando, ya hau tsani yana jin gwiwarsa ta hagu tana ƙara, ya zura ƙafafu, ya ɗaga hannuwa sama, Kamilu ya riƙe shi ya sassauta a hankali har ya dira. Rabonsa da cikin rumbun nan tun kafin a yi masa kaciya. Warin bai sauya ba: toka, tsohuwar ƙasa, da ɗan ɗacin darbejiya.

Ya fara ɗaura dammuna a igiya, Kamilu yana ja yana miƙa wa Hure. Tahira tana can bakin ƙofar ɗaki, rabin jikinta a ciki, ta cusa gefen mayafi a baki.

Ba a kai dami na biyar ba kan maƙwabcinsu Balarabe ya ɓullo ta saman katanga. “Salamu alaikum! Lafiya, Hure? Ko gara ce ta shiga?”

Daga cikin rumbu murya ta fito kamar daga rijiya. “Dodo muke nema, Balarabe. In ka gan shi ta wajenka ka riƙe mana.”

“Au, Malam, kai ne a ciki? Ikon Allah! To bari mu ga arziki.” Ya gyara tsayuwa ya ɗora haɓa a kan katanga. Kafin a jima kawuna sun zama huɗu.

Dami na goma sha uku ya fito, igiya ta koma, ta dawo da kwandon zangarniyar da ta warware. Ta sake komawa, ta dawo da tsintsiya da aka zura masa, sai ɗan kwandon toka da ƙaiƙayi. Daga nan ba ta kawo komai ba. Dami goma sha uku, ga kaka sai nan da wata ɗaya da rabi. Kawunan kan katanga suka dubi juna. Balarabe ya yi gyaran murya ya ce bari ya je ya duba awakinsa. Hure ta tsaya kan tabarma hannunta a ƙugu tana kallon dammunan, ita da ta shekara arba'in da biyar tana tuƙa abin da aka ba ta ba ta tambaya ba.

Malam Basiru ya ɗaga murya. “Inna! Na share shi tas. Babu kowa sai ni. Zo ki leƙa.”

Tahira ta girgiza kai.

Kamilu ya ce, “Ta ƙi, Baba.”

“Ce mata ko ɓera babu.”

Yarinyar ta cire mayafi daga baki. “Yana ƙarƙashi. Jira yake.”

Malam Basiru ya ji ta. Ya tsaya a cikin duhun nan, ya tona asirinsa a banza, ga rana tana ɗagawa, ga mutumin Ungogo yana tafe. Ya ce, “To jawo ni.”

Kamilu ya kwanta a kan bakin ya miƙo hannuwa. Yatsunsu suka haɗu da ƙyar. Jawo yarinya 'yar shekara bakwai daban, jawo dattijo daban. Malam Basiru ya taka bango zai taimaka, gwiwar hagu ta ce ba ta san zancen ba, ya sulale ya zauna daɓas. Suka gwada da igiyar kwando, ta tsinke.

“Baba, bari in karɓo igiyar rijiya a gidan Liman. Kada ka motsa.”

“Ina zan motsa in je?”

Kamilu ya sauka da gudu. Hure ta bi shi zaure tana faɗa masa ya haɗo da wani mai ƙarfi. Tsakar gida ta yi shiru.

Malam Basiru ya jingina da bango yana murza gwiwa. Hasken bakin rumbun ya sauko ya kwanta a gabansa kamar faifai. A cikin hasken nan, inda tsintsiya ta share, ya ga wani ɗan lotsawa a daɓen. Ya sa hannu ya shafa. Sawun ƙafa ne, ƙarami, babban yatsan ya baje gefe. Sai ya tuna ranar: daɓe ɗanye, mahaifinsa ya zura shi ya shafe ƙasan da ruwa, ya taka inda aka hana shi, ya sha ranƙwashi. Shekara sittin da biyar hatsi na kwance a kan sawun nan. Ya shagala da kallonsa, bai ji ana kiransa ba.

“Tsoho.”

Shiru.

“Tsoho! Ka yi magana mana!”

Can ya ji tsani yana ƙara, taki ɗaya, a tsaya, taki ɗaya, a tsaya. Ya buɗe baki zai amsa, sai ya rufe. Faifan hasken ya ragu. Ya ɗaga kai, ga ɗan kanta da kitso biyu ya tare rana, numfashinta yana fita da sauri, a hannunta kuwa muciyar Hure ce.

“Ya kama ka?”

“Wa? Gwiwa ce ta kama ni.”

“Me ya sa na kira ka ka yi shiru?” Sai ga hawayen kwana shida sun ɓalle, suna ɗiga a kan sanƙonsa.

“Wani abu na samu. Ba zan iya ɗago shi ba, sai dai a zo a gani.”

Ta daɗe tana duba kowane lungu daga sama. Rumbu ba shi da lungu, amma ta duba. Sannan ta jefo muciyar, ta juya ta zuro ƙafafu yadda ta saba, ya miƙe a kan ƙafa ɗaya ya karɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya sosa masa rai. Ta ɗauki muciya ta bi daɓen tana bugawa, taki bayan taki, tana saurare. Ko'ina ƙasa ce mai tauri. Ta buga bango. Ta buga inda yake zaune, ta ce ya matsa, ta buga nan ma.

Ya nuna mata sawun. “Na wani yaro ne mara jin magana.”

Ta sa ƙafarta a ciki. Tata ta ɗan fi tsawo. Ta dubi yatsan da ya baje, ta dubi ƙafarsa, ta ja majina. “Naka ne. Ƙafa kamar ta agwagwa.”

“Ke da aka zo ceto, sai zagi?”

“Ni na zo ceton ka.” Ta zauna kusa da shi. “To ka faɗa.”

“Me?”

“Abin da ake faɗa in an gama.”

Ya faɗa mata ƙurunƙus ɗin, cikakke, har da jelarsa. Rumbun ya amsa da tasa muryar.

A haka Zaharaddini ya same su. Bai jira an sauko daga masallaci ba, ya ce a ƙauye zai yi Juma'a, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya shigo da farar shadda ya tarar da gero a tabarmi, Kamilu da wani ƙato a kan tsani da igiyar rijiya, muryar 'yarsa kuma tana fitowa daga cikin rumbu tana ba da umarni a fara jawo Tsoho, ita ta iya jira. Ana fito da su iska ta kaɗa, hadarin nan ya taso gaba ɗaya. Kowa ya rungumi dami aka yi ɗakin Hure da gudu, har da mai farar shadda. Sawu biyu-biyu suka yi, tsakar gida ta koma wayam. Zaharaddini ya tsaya yana waige, yana neman saura.

Ruwa ya sauko. Suna tsaye a ɗaki cikin warin gero, Hure ta ɗauko kwanon furar da ta dama da tsabar ƙarshe ta tukunya, ta ajiye a ƙasa. Tahira ta zauna a kan dami, ta jawo kwanon, ta leƙa cikinsa, ta juya ludayi sau biyu. Malam Basiru ya mai da idonsa kan rufin ɗaki. Sai ya ji ƙarar kurɓa. Ta sha ludayi bakwai, ya ƙirga da kunne, sannan ta ce ba sukari.

Bayan an sauko daga masallaci, uba da ɗa suka zauna a zaure, ruwa na zuba daga indararo.

Zaharaddini ya ce, “Baba, abin da na gani ba zai kai kaka ba.”

“Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun bazara. Ni da Inna muka sani.”

Zaharaddini ya sunkuyar da kai yana kaɗe ƙaiƙayi daga hannun rigarsa. “Da na tafi da ita, da bakin ci guda ya ragu.”

Malam Basiru ya miƙe ƙafarsa ta hagu. Yana murza gwiwa, yana kallon ruwa. Daga cikin gida suka ji ta tana yi wa Kamilu tsiwa, wai gobe in rana ta fito ita za ta shiga ta jera, shi ya tsaya a tsani tunda ƙato ne ba amfani.

Zaharaddini ya yi ɗan murmushi. “Zan faɗa wa uwarta ta ci abinci a gabana. Sai dai abu biyu, Baba. Talabijin ɗin can, duk abin da za a kunna, babba ya fara gani har ƙarshe.”

“Ni zan gani. Na biyun fa?”

“Zan aiko da masara. Kada ka ce a'a.”

Bai ce a'a ba.

Ran Litinin da hantsi Kamilu ya shigo da buhun masara a bayan babur, ya sauke shi a gindin darbejiya. Tahira ta haye kansa ta zauna tana kaɗa ƙafafu, tana cin ɗumamen tuwo. Malam Basiru yana kan buzunsa da carbi, amma idonsa yana kan buhun. Ya tashi ya zagaya shi, ya koma ya zauna. Ya sake tashi.

“Wai daga wace kasuwa aka sayo shi?”

Kamilu ya dube shi, ya gane, ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya.

“Inna, ɗan sauka.”

“Me ya sa?”

“Ƙwari zan duba.”

Ya kwance bakin buhun a tsakiyar rana, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya zura hannu cikin masara har kafaɗa, yana lalube sai da yatsunsa suka taɓa ƙasa.